Manhajar da Ba Ta Girkuwa, Ba a Gama Ta Ba

Matasa da dama da suka koyi gina manhaja da kansu, ta hanyar bidiyon YouTube da darussan kyauta na intanet, suna tsayawa ne a wuri ɗaya. Da zarar manhaja ta yi aiki a kwamfutarsu, sai su ɗora ta a GitHub, ko su dunƙule ta a fayil ɗin zip su tura wa abokai a WhatsApp, su ce a sauke a gwada. Wanda ya sauke kuwa, sai ya tarar babu abin da zai latsa. Idan ya tambaya, a ce masa sai ya fara girka kaza da kaza, sannan ya buga umarni shida a jere. A umarni na uku saƙon kuskure ya cika masa allo, ya rufe kwamfuta ya kama gabansa. Maginin kuma ya riƙa cewa ai a wurinsa tana aiki lafiya lau.

Wannan manhajar ba a gama ta ba. Rubuta ta rabin aiki ne. Sauran rabin shi ne a ƙunshe ta yadda wani mutum, a wata kwamfuta, zai girka ta da umarni ɗaya, ya sabunta ta idan sabuwa ta fito, ya kuma cire ta ba tare da ta bar masa shara ko ɓarna ba. Duk matashin da ke gina manhaja don Linux ya kamata ya koyi wannan sashe tun a aikinsa na farko, kuma ya fi masa alheri ya fara da ƙunshin deb na Debian da Ubuntu kafin ya waiwayi sauran.

Mene ne ƙunshi?

Mai karatu ya san ƙunshi ko da bai taɓa jin sunansa ba. Fayil ɗin APK da ake turawa ta Xender a tsakanin abokai ƙunshi ne. A cikinsa akwai manhajar kanta, da hotunanta, da wata takarda da ke faɗa wa Android sunanta, lambar zubinta, da izinin da take nema, kamar na kyamara ko na lambobin waya. Akwai kuma sa hannun wanda ya gina ta. Wannan ne ya sa idan aka latsa fayil ɗin, wayar ta san inda za ta ajiye komai, kuma idan aka cire manhajar, ta san abin da za ta share.

Android kanta a kan zuciyar Linux aka gina ta, wadda Linus Torvalds ya fara rubutawa a Finland a shekarar 1991. Sai dai a kwamfuta lamarin ya fi na waya rassa. Akwai Debian, wadda Ian Murdock ya kafa a 1993, da Ubuntu wadda Mark Shuttleworth ɗan Afirka ta Kudu ya fitar a 2004 a kan tubalin Debian, da Linux Mint da Kali Linux. Duka waɗannan ƙunshin deb suke amfani da shi. Fedora da openSUSE da Red Hat kuma RPM suke ci. Arch Linux tana da nata tsarin daban.

Misalin da ya fi kusa shi ne na magani. Akwai wanda ake saye a kemis cikin kwalinsa, da sunan kamfani, da lambar NAFDAC, da ranar lalacewa, da takardar da ta faɗi abin da ke ciki da abin da ba a haɗa shi da shi. Akwai kuma ƙwayoyin da ake ƙullawa a leda a tasha, babu suna babu bayani. Mai yiwuwa ne sinadarin ciki ɗaya ne, amma idan matsala ta faru, mai kwali ne kaɗai za a iya bin sawunsa. Manhajar da aka tura a zip tare da jerin umarni ƙullin leda ce.

Abin da ke cikin ƙunshin deb

Abin da ke tsorata mutane shi ne zaton cewa deb wani sihiri ne. Ba haka ba ne. Idan aka buɗe fayil ɗin deb, abu uku ake tararwa. Na farko ɗan ƙaramin fayil ne da ke faɗin zubin tsarin ƙunshin. Na biyu ƙullin bayanai ne game da manhajar. Na uku shi ne fayilolin manhajar kansu, an jera su daidai da yadda za su zauna a kwamfutar mai girkawa.

A ce wani matashi ya rubuta manhajar lissafin adashi da yaren Python, wadda ke riƙe sunayen 'yan zubi, da wanda ya zuba, da wanda kwasa ta zo kansa. Ya sa mata suna adashi. Don ya ƙunshe ta, zai buɗe folda ya tsara ta kamar ƙaramar kwamfuta. Fayil ɗin da ke tayar da manhajar zai shiga usr/bin. Hotuna da sauran kayanta su shiga usr/share/adashi. Saitin da ya shafi kwamfutar gaba ɗaya ya shiga etc. Sannan ya rubuta ɗan fayil mai ƙarewa da desktop ya saka a usr/share/applications, wanda shi ne zai sa tambarin manhajar ya bayyana a jerin manhajoji, a latsa shi kamar yadda ake yi a waya. Wannan rabon wurare ba shi ya ƙirƙiro shi ba. Ƙa'ida ce da rassan Linux suka daɗe suna bi, don kowa ya san inda kayan kowa yake.

Daga nan sai fayil ɗin control, wanda shi ne takardar cikin kwalin magani. Layuka kaɗan ne: sunan ƙunshi, lambar zubi, nau'in injin da zai yi aiki a kai, sunan mai kula da shi da adireshin imel ɗinsa, taƙaitaccen bayani, da kuma layin da ya fi kowane muhimmanci, wato Depends. A nan ne magini yake lissafa duk abin da manhajarsa ta dogara da shi. Idan adashi tana buƙatar Python 3 da wani ɗakin kayan zana allo, a nan zai faɗa. Idan mai amfani ya buga apt install ya nuna masa fayil ɗin, apt zai karanta wannan layi, ya duba abin da babu a kwamfutar, ya sauko da shi daga rumbun Debian ko na Ubuntu, sannan ya girka komai bisa tsari. Umarni shidan nan sun koma ɗaya.

Rubuta layin Depends yana tilasta wa magini ya san manhajarsa. Mafi yawan masu cewa "a wurina tana aiki" sun manta ne da abubuwan da suka girka wata shida baya, waɗanda manhajar ke jingine da su ba tare da sun lura ba. Ranar da mutum ya gwada ƙunshinsa a kwamfuta sabuwa fil, ranar yake gane gaskiyar abin da ya gina.

Haɗarin umarnin layi ɗaya

Wasu za su ce ai akwai hanya mai sauƙi: a rubuta ɗan rubutun girkawa, a ɗora a intanet, a ce wa mutane su kwafi layi ɗaya da zai sauko da shi ya tafiyar da shi da sudo. Manyan ayyuka ma suna yin haka, to me zai hana ƙarami?

Abin da zai hana shi ne ma'anar sudo. Wanda ya buga wannan kalma ya miƙa makullan gidansa gaba ɗaya ga rubutun da bai karanta ba. A shekarar 2011, wani aiki mai suna Bumblebee, wanda ke taimaka wa kwamfutocin tafi-da-gidanka masu katin hoto na Nvidia, ya fitar da rubutun girkawa mai ɗauke da kuskuren tazara ɗaya tak. An so a share wata ƙaramar folda da ke can cikin usr, amma tazarar da ta shiga tsakiyar adireshin ta sa umarnin ya share usr ɗin baki ɗaya, wato inda kusan duk manhajojin kwamfutar suke zaune. A farkon 2015 ma an gano kuskure makamancin wannan a rubutun da ke tayar da Steam a Linux, inda ya share wa wani mai amfani fayilolinsa bayan ya matsar da foldar manhajar daga inda take. Waɗanda suka rubuta waɗannan ba mugaye ba ne, kuma ba 'yan koyo ba ne. Hannu ne ya zame.

Ƙunshin deb yana rage irin wannan haɗari ta hanya mai sauƙi. Magini ba ya rubuta umarnin sharewa da hannunsa. Manhajar dpkg tana riƙe da jerin kowane fayil da kowane ƙunshi ya ajiye, kuma ranar cirewa wannan jerin take bi. Idan ƙunshi ya yi yunƙurin danne fayil ɗin wani ƙunshin, sai ta ƙi, ta tsayar da girkawar. Idan mai amfani ya gyara saitinsa a etc, sabuntawa ba ta murƙushe masa shi a ɓoye. Gaskiya ne deb ma yana ba da damar a saka ƙananan rubutun da ke gudana da cikakken iko kafin girkawa ko bayanta, kuma ana iya yin ɓarna da su. Shi ya sa ƙa'idar mai hankali ita ce: idan manhaja ba ta buƙatar irin wannan rubutu, kada a saka shi. Manhaja irin adashi ba ta buƙatarsa ko kaɗan.

Hujjar masu cewa wahala ce

Dole a yi wa masu ƙorafi adalci, domin ƙorafinsu yana da tushe. Linus Torvalds da kansa, a taron masu gina Debian da aka yi a birnin Portland na Amurka a 2014, ya koka cewa shirya manhaja don kwamfutocin Linux babban ciwon kai ne. Ya kawo misali da Subsurface, manhajar da ya fara don masu ninƙaya a ƙarƙashin teku, wadda ake iya fitar mata da fayil ɗaya don Windows da ɗaya don Mac, amma a Linux sai an bi kowane reshe da kowane zubinsa. Idan mai gidan ya faɗi haka, ba za a ce wa ɗan koyo raki yake yi ba.

Matsalar ta gaske ce. Ƙunshin da aka gina a Ubuntu 24.04 zai iya ƙin shiga Ubuntu 20.04 saboda ɗakunan kayan da ya dogara da su sun bambanta. Wanda aka gina wa kwamfutar Intel ko AMD ba zai yi aiki a Raspberry Pi mai injin ARM ba, sai dai idan manhajar irin ta Python ce zalla, wadda ake rubuta mata all a layin nau'in inji. Mai Fedora kuwa deb ba ya yi masa amfanin komai.

Amma wannan hujja ce ta a zaɓi inda za a fara, ba ta a fasa ba. Babu wanda ya ce matashi mai manhaja ɗaya sai ya gamsar da rassa ɗari a rana ɗaya. Ya dubi mutanen da za su yi amfani da aikinsa. Ɗaliban da ke koyon kwamfuta a jami'o'i da kwalejojin kimiyya yawanci da Ubuntu ko Mint suke farawa, masu sha'awar tsaron intanet kuma Kali suke ɗorawa, kuma dukansu deb suke ci. Ubuntu tana fitar da zubi mai dogon tallafi duk bayan shekara biyu a watan Afrilu, tana kula da shi shekara biyar. Wanda ya ƙunshe manhajarsa don zubi biyu na ƙarshe na irin wannan, da Debian mai ci, ya riga ya isa ga mafi yawan waɗanda za su nemi aikinsa.

Akwai kuma wani dalili da ya shafi masu Python musamman. Daga Debian 12 da Ubuntu 23.04, idan mutum ya yi ƙoƙarin girka kayan Python kai tsaye cikin tsarin kwamfuta da pip, sai ta ƙi, ta nuna masa saƙon cewa apt ne ke kula da wannan wurin. An yi haka ne don pip ya daina dagula kayan da babbar manhajar kanta ke amfani da su. Ma'ana, tsohon umarnin nan na "ka buga pip install kawai" ya daina wadatarwa, kuma wanda bai koyi ƙunshewa ba zai riƙa samun saƙonnin ƙorafi da bai san tushensu ba.

Snap, Flatpak da AppImage, da kuɗin data

Saboda wannan rarrabuwa ne aka fito da ƙunshe-ƙunshen da ke aiki a kowane reshe. Snap na kamfanin Canonical ne, masu Ubuntu, ya zo wa jama'a sosai da Ubuntu 16.04 a 2016. Flatpak aikin Alexander Larsson ne, ya samu wannan suna a shekarar 2016, kuma babbar kasuwarsa ita ce Flathub. AppImage na Simon Peter ya girme su, don asalinsa ya faro tun 2004 da wani suna daban. Dabararsu kusan ɗaya ce: manhaja ta zo da kayanta, kada ta dogara da abin da ke kwamfutar.

Kowannensu yana da amfaninsa. AppImage fayil ɗaya ne, a ba shi izinin gudana a latsa shi, ana kuma iya ɗaukarsa a filashi daga wannan kwamfuta zuwa waccan, abin da ya dace da inda intanet ke wahala. Flatpak da Snap suna killace manhaja a cikin shinge, su hana ta taɓa abin da ba a ba ta izini ba, kamar yadda Android ke yi.

Sai dai kowannensu da kuɗinsa. Manhajar da ta zo da kayanta tana da nauyi. Wanda ya girka Flatpak a karon farko zai iya ganin ƙaramar manhaja ta janyo masa ɗaruruwan megabayit na ginshiƙin da take tsayawa a kai. Daga baya wasu manhajojin za su raba wannan ginshiƙin, amma saukewar farko sai an biya ta. Ga wanda ke da intanet mara iyaka a Turai wannan ba labari ba ne. Ga ɗalibin da ke kunna wa kwamfutarsa data daga wayarsa a Zariya ko Maraɗi, yana lissafin abin da ya rage masa kafin ƙarshen wata, wannan shi ne bambanci tsakanin ya gwada manhajar da ya haƙura. Ƙunshin deb na manhaja irin adashi ba lallai ya kai megabayit ɗaya ba, domin Python tana nan a kwamfutar tun asali.

Akwai sauran ƙayoyi. Rumbun Snap a hannun Canonical kaɗai yake, abin da ya sa Linux Mint ta toshe girka shi kai tsaye tun daga zubinta na 20 a shekarar 2020. AppImage ba ya sabunta kansa ta hanyar apt, kuma da Ubuntu 22.04 ta fito ba tare da wani tsohon ɗakin kaya mai suna libfuse2 ba, fayilolin AppImage da yawa sun ƙi buɗewa sai da aka girka shi da hannu. Don haka tsarin da ya fi dacewa shi ne deb da farko, sannan Flatpak idan manhajar mai allo ce kuma masu Fedora da Arch sun fara tambaya. Wanda ya iya deb, sauran ba za su ba shi wuya ba, domin tambayoyin ɗaya ne: me manhajar ke buƙata, ina fayilolinta za su zauna, wane ne ke da alhakinta.

Matakan da ke gaba

Ƙunshin farko ana iya haɗa shi da umarnin dpkg-deb a yammaci ɗaya. Bayan nan sai a bi ta kansa da lintian, manhajar da ke duba ƙunshi ta lissafo inda ya saɓa wa ƙa'idojin Debian. Za ta yi ƙorafi da yawa a karon farko, kuma kowane ƙorafi darasi ne kyauta. Sannan a gwada girkawa da cirewa a tsarin da ba a taɓa girka komai a cikinsa ba, ko a kwamfutar kwaikwayo ko a Docker. Gwaji a kwamfutar da aka rubuta manhajar ba gwaji ba ne.

Mataki na gaba shi ne a koma ga cikakken tsari, inda ake buɗe folda mai suna debian a cikin aikin, da fayiloli huɗu na asali: control, rules, changelog da copyright. Da wannan ne ake iya tura aikin zuwa Launchpad na Canonical, a buɗe rumbu na kai da ake kira PPA, kyauta. Launchpad ba ya karɓar ƙunshin da aka riga aka gina. Rubutun tushe yake karɓa, mai ɗauke da sa hannun makullin GPG na maginin, sannan injinansa su gina ƙunshin. Ribar a nan biyu ce: tsohuwar kwamfutar magini da wutar da ke ɗaukewa ba su ne za su ɗauki nauyin ginin ba, kuma duk wanda ya ƙara rumbun zai riƙa samun sabuntawa tare da sauran manhajojinsa. Masu Fedora suna da irinsa mai suna Copr, openSUSE kuma tana da Open Build Service wanda ke iya gina wa rassa daban-daban.

Ƙololuwar ita ce shiga rumbun Debian na hukuma. Ana fara sanar da niyya, a ɗora ƙunshin a dandalin masu koyarwa na Debian, a nemi wani daga cikin maginanta ya duba ya ɗauki nauyin shigar da shi, sannan ƙunshin ya jira a layin sababbi inda ake tantance lasisinsa. Yana ɗaukar makonni, wani lokaci watanni. Amma abin da ya shiga Debian yakan gangara zuwa Ubuntu da 'ya'yanta ba tare da ƙarin aiki ba. Sannu ba ta hana zuwa.

Ƙunshi amana ce

Wannan jinkiri da ke ɓata wa matasa rai ya taɓa ceton duniya. A ranar 29 ga Maris 2024, wani injiniya mai suna Andres Freund ya sanar cewa ya gano ƙofar baya a cikin xz, ƙaramar manhajar matse fayiloli da kusan kowace kwamfutar Linux ke ɗauke da ita. Abin da ya ja hankalinsa shi ne jinkirin kusan rabin daƙiƙa wajen shiga kwamfuta ta SSH. Wani mai amfani da sunan Jia Tan ya shafe sama da shekara biyu yana taimaka wa aikin har aka amince da shi, sannan ya dasa tarkon a zubi na 5.6.0 da 5.6.1. Sashen da ke kunna tarkon ba ya cikin rubutun da jama'a ke karantawa a ma'ajiyar aikin. An ɓoye shi ne a dunƙulen fayil ɗin da masu ƙunshewa ke saukewa, kuma an tsara shi ya tashi lokacin da ake gina deb ko RPM. Ya shiga rassan gwaji na Debian da Fedora, amma bai kai ga Debian tabbatacciya ba, domin sabon abu ba ya tsallakawa can sai ya daɗe a layi.

Darasin ga ƙaramin magini shi ne 'yan kutse sun san inda amana take. Mutum ba ya karanta ƙunshi kafin ya girka. Sunan wanda ya haɗa shi yake dubawa. A 2018 an samu manhajar haƙar kuɗin kirifto a ɓoye cikin wasu ƙunshe-ƙunshe a rumbun Snap, a shekarar kuma aka samu wanda ya karɓe wani ƙunshi da aka yi watsi da shi a rumbun jama'a na Arch ya cusa masa mugun rubutu. Su ma masu ƙunshewa na gaskiya suna kuskure: wani gyara da aka yi wa OpenSSL a Debian a 2006 ya raunana makullan sirrin da aka ƙirƙira da shi, kuma ba a gano ba sai a watan Mayun 2008. Ƙunshi ba laya ba ce. Abin da yake bayarwa shi ne sawu: wane zubi ne, wa ya sa hannu, me aka canza kuma yaushe. Da wannan sawun ne aka san waɗanda abin ya shafa, aka tura musu gyara ta hanyar da suka saba sabuntawa. Wanda ya raba manhajarsa a zip ta WhatsApp, idan ya gano tana lissafa kuɗin adashi ba daidai ba, ta ina zai bi ya kai gyara ga mutum arba'in da suka tura wa juna?

Lasisi da harshe

Fayil ɗin copyright yana tilasta wata tambayar da matasa ke tsallakewa. Ɗora rubutu a GitHub ba ya mayar da shi na kowa. Idan babu lasisi, doka tana ɗaukar cewa mai shi bai ba kowa izinin kwafa ko gyarawa ba, kuma Debian ba za ta karɓe shi ba. Sai magini ya zaɓa: GPL, wanda Richard Stallman ya fitar a 1989, yana sharɗanta cewa duk wanda ya gyara manhajar ya raba ta, dole ya saki gyaransa a ƙarƙashin lasisin, MIT kuma yana barin kowa ya yi yadda ya so muddin ya bar sanarwar mai asali. Haka nan duk hoto ko rubutun wani da aka ara, sai an faɗi mai shi da lasisinsa.

Ƙunshi ne kuma yake ba Hausa gurbi na dindindin. Linux tana da tsarin fassara mai suna gettext, kuma tana gane lambar ha a matsayin Hausa. Idan magini ya ajiye fassararsa a foldar harsuna ta usr/share/locale, ya kuma rubuta sunan manhajar da Hausa a fayil ɗin desktop, duk wanda ya saita kwamfutarsa a Hausa zai gan ta da Hausa, wanda ya saita Faransanci a Yamai ya gan ta da Faransanci idan an fassara. Wanda ya cusa kalmomi kai tsaye a cikin rubutun manhaja ya rufe wannan ƙofa. A tabbatar kuma an adana komai a tsarin UTF-8, don ƙ da ɗ da ɓ su fito yadda suke.

Wanda waya kaɗai gare shi

Rashin kwamfuta ba ya hana farawa. Termux, manhajar da ke buɗe allon umarnin Linux a wayar Android, da apt da ƙunshin deb take aiki. Da kayan aikinta mai suna proot-distro ana iya ɗora Debian ko Ubuntu a cikin wayar ba tare da an fasa tsaronta ba, a haɗa ƙunshi a can, a girka, a cire, a ga abin da ya faru. Allon ƙarami ne, bugun yana gajiyarwa, amma darasin bai canza ba. An fi samun Termux ta F-Droid, rumbun manhajojin Android masu buɗaɗɗen tushe da aka kafa a 2010, wanda shi ma yake gina manhajoji daga rubutun tushensu, kusan irin yadda Debian ke yi. Mai gina manhajar waya da ke son shigar da ita can zai tarar tambayoyin nan dai ake yi masa: ina lasisi, ina lambar zubi, me ta dogara da shi.

Matashin da ba shi da digiri, aikinsa ne takardar shaidarsa. Mai neman ɗaukar ma'aikaci da ya buɗe GitHub ɗinsa ya ga manhaja goma da babu wadda ke girkuwa, ya ga mai farawa ne. Idan ya ga guda ɗaya mai lambar zubi, da tarihin canje-canje, da lasisi, da ƙunshin da ya shiga lafiya ya fita lafiya, ya ga mutumin da za a iya damƙa wa aikin da wasu za su dogara da shi. Don haka kafin mai karatu ya fara manhaja ta gaba, ya koma kan wadda ya ce ya gama, ya rubuta mata fayil ɗin control, ya miƙa ƙunshin ga abokin da bai san komai game da ita ba, ya yi shiru ya ga ko za ta shiga.